Sarki Uku a Gari Ɗaya: Daren Bankwanar Ƙungiyar Cream

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a Madawa, Buza ko Keita bayan isha'i, ana jiran shayi na biyu ya nuna, ya san sautin nan. Waya ce ajiye a kan tabarma, jitar lantarki na kuka a cikinta kamar za ta tsaga 'yar sifikar, ganga na bin ta a guje. Wani zai ce kiɗan Abzinawa ne, wani ya ce na Agadas, wani kuma ya kama suna kai tsaye: Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan. Shi ne bahagon makaɗin nan da ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko, yau kuma yake tara jama'a a Amurka da Turai.

Tushen kiɗansa na gida ne, daga tande da takamba da jitar su Abdallah Oumbadougou. Amma kayan aikin da ke hannunsa da tsarin tsayuwa a dandamali daga waje suka zo: mutum uku ko huɗu, jita, jitar bas mai kaurin murya, jerin ganguna a gaban mutum guda, a buɗe sauti iya ƙarfinsa, a saki waƙar minti uku ta miƙe har ta kai minti goma. Turawa na kiran wannan kiɗa rok. Cikin waɗanda suka aza masa wannan tsari akwai wasu 'yan Birtaniya uku da suka yi shekara biyu da 'yan watanni kacal tare, suka watse suna kan ganiyarsu. Sunan ƙungiyar Cream. Ranar Talata 26 ga Nuwamba 1968 suka yi wasan bankwana a Landan, kuma bayan shekara uku ɗayansu ya ratsa Sahara da mota ya nufi Legas, yana bin sawun ganga.

Ga Bahaushe, maganar wasan bankwana kanta baƙuwa ce. Ƙungiyar makaɗan Hausa kai ɗaya gare ta. Shata shi ne Shata. Masu kalangu da 'yan amshi, komai gwanintarsu, a bayansa suke, in ɗaya ya yi fushi ya tafi sai a sa wani. Ya yi ta waƙa har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a watan Yunin 1999. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kiɗa, da ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ɗauki kotso. Ba a sa rana a sayar da tikiti a ce daga yau an daina. Mutuwa ce ke tashin taron, ko tsufa, ko kuwa makaɗi ya je Makka ya dawo ya ce ya ajiye. Ko gasar kiɗan zamani da ake yi a Tawa sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, Ɗan Gurmu.

Cream ba ta da ubangida, ba ta da 'yan amshi. Mutum uku ne, kowanne yana ganin shi ne gwanin gwanaye a kan abin da yake kaɗawa, kuma a gaskiya ba su yi ƙarya sosai ba. Sunan ma abin da yake nufi ke nan: man da ke tasowa saman madara, wato zaɓaɓɓun zaɓaɓɓu.

Babbansu Ginger Baker, haihuwar 1939, dogo siriri mai jan gashi da saurin fushi. Shi bai taɓa yarda a kira shi makaɗin rok ba, cewa yake ɗan jaz ne. Malaminsa Phil Seamen ne ya fara kunna masa faya-fayen gangunan Afirka a Landan, abin ya shige shi har ƙarshen ransa. Maimakon babbar gangar ƙafa guda ɗaya da aka saba, biyu yake ajiyewa, kowace ƙafa da tata. Na biyu Jack Bruce, haihuwar 1943, ɗan Sikotilan, wanda ya yi karatun kiɗa a makaranta a Glasgow. Shi ke riƙe da jitar bas, shi ke rera mafi yawan waƙoƙin, shi kuma ke tsara su tare da wani marubuci mai suna Pete Brown. Ƙaraminsu Eric Clapton, haihuwar 1945, ya riga ya yi suna a ƙungiyar Yardbirds da ta John Mayall tun bai cika shekara 21 ba. Shi ransa na ga buluz, kiɗan baƙar fatar kudancin Amurka, jikokin bayi.

Matsalar ta riga ƙungiyar haihuwa. Baker da Bruce sun yi zama a ƙungiyar Graham Bond, kuma zaman doya da manja suka yi. Suna faɗa a gaban 'yan kallo, suna lalata wa juna kayan kiɗa, har ta kai Baker ya kori Bruce, da ya ƙi tafiya ya zare masa wuƙa. A 1966 Baker ya tunkari Clapton da shawarar su kafa sabuwar ƙungiya. Clapton ya amsa, amma da sharaɗi guda: sai an kawo Jack Bruce. Bai san zurfin gabar da ke tsakaninsu ba. Ana ba da labarin cewa a mota suke, Baker na tuƙi, saura kaɗan ya saki hanya da ya ji sunan. Amma ya san babu mai bas kamar Bruce a Ingila, sai ya haɗiye.

Ranar 31 ga Yuli 1966 suka fito a bainar jama'a a bikin kiɗa na Windsor, ana ruwan sama. Wata biyu bayan nan, ranar 1 ga Oktoba, wani baƙon Ba'amurke da ya sauka Landan 'yan kwanaki kafin nan ya nemi a bar shi ya hau dandamali ya ɗan taɓa tare da su. Jimi Hendrix ne, bahago shi ma, wanda 'yan jaridar Turai ke yawan kwatanta Mdou Moctar da shi yau. Abin da ya yi da jita a daren nan ya girgiza Clapton, ya kuma nuna masa cewa sama da gwani akwai gwani.

A Amurka suka gano ainihin kansu. A 1967, a zauren Fillmore na San Francisco, suka ga jama'a ba sa gajiya, sai suka fara sakin waƙa ta tafi inda ta ga dama. A fara da amshin da kowa ya sani, a yi baiti ɗaya ko biyu, daga nan kowa ya kama gabansa: Clapton na ƙirƙira, Bruce na ƙirƙira a ƙarƙashinsa maimakon ya tsaya yana riƙe masa kari, Baker na sassaƙa wani kari dabam, ukun kuma su haɗu a mashiga guda kamar sun yi alkawari. Wanda ya taɓa ganin masu kalangu biyu sun yi karo a wurin biki, kowa na son ya ƙure ɗan'uwansa, zai gane daɗin abin da kuma haɗarinsa. A faifansu Wheels of Fire na 1968, waƙar Spoonful ta haura minti 16. Toad ma haka, kuma kusan dukkanta gangar Baker ce ita kaɗai. Kafin nan sun fitar da Fresh Cream a 1966 da Disraeli Gears a 1967, inda waƙarsu mafi shahara, Sunshine of Your Love, take. An ƙiyasta sun sayar da faifai fiye da miliyan 15.

To me ya raba su, kuɗi na shigowa kamar ruwan Agusta?

Na farko ƙara. Zamanin ne aka fara jibga manyan sifikun Marshall, ɗaya kan ɗaya, sun fi mutum tsawo. Bruce ya ƙara nasa, Clapton ya ƙara nasa, Baker na zaune a tsakiya da ganguna waɗanda ba su da maɓallin ƙara sauti, sai dai ƙarfin damtse. Har ya tsufa yana cewa a nan aka lalata masa kunne, kuma Bruce yake ɗora wa laifin. Na biyu gajiya. Manajansu Robert Stigwood ya jera musu wasanni a Amurka wata da watanni a farkon 1968, yau nan gobe can, babu lokacin zama a tsara sabon abu. Ta kai ba sa sauka a masauki ɗaya. Clapton ya ba da labarin wani dare da ya daina kaɗawa a tsakiyar waƙa don ya gani, sauran biyun ba su ma lura ba, kowa kansa yake saurare.

Na uku ya fi ciwo, don daga waje ya zo. A watan Mayun 1968 mujallar Rolling Stone ta buga sharhin wani matashi, Jon Landau, wanda ya ce gwanintar Clapton duk a kan maimaita tsofaffin salon buluz ne da wasu suka riga suka yi. Maganar ta soki Clapton har zuciya, don ya ji ƙanshin gaskiya a cikinta. Sai kuma ya ji faifan Music from Big Pink na wata ƙungiya mai suna The Band: waƙoƙi gajeru, natsattsu, babu mai neman ya danne wani. Ya ji kunyar hayaniyar da yake yi kowane dare. A watan Yuli aka sanar cewa Cream za ta watse, amma sai ta zaga ta yi sallama.

A nan ne kasuwa ta shigo. Sanarwar rabuwa ta fi kowace talla, don wanda bai taɓa ganinsu ba ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Daga 4 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba suka zaga Amurka, har da katafaren zauren Madison Square Garden na New York, inda aka ɗora su a kan dandamali mai juyawa kamar faifan garmaho. Sannan suka koma gida.

Royal Albert Hall gini ne zagayayye mai ƙubba, Sarauniya Victoria ta buɗe shi a 1871, yana ɗaukar mutum wajen 5,000. Wurin kiɗan manya ne masu kwat da lakataya, amma ranar 26 ga Nuwamba samari masu dogon gashi suka cika shi sau biyu, don wasa biyu aka yi a daren. Ƙungiyoyi biyu sababbi suka share fage: Yes, da kuma Taste ta Rory Gallagher ɗan Ireland, dukkansu sun zama manya daga baya. Sai mutum ukun suka fito. Baker na da shekara 29, Bruce 25, Clapton 23. Suka yi White Room, Politician, I'm So Glad, Sitting on Top of the World, da Crossroads, tsohuwar waƙar Robert Johnson ta shekarun 1930 wadda Clapton ya sa wa wutar lantarki. Baker ya yi Toad, gumi na zuba. Jama'a suka ƙi tafiya, suna ta kiran a ƙara.

Abin mamaki, su masu wasan ba su ɗauke shi daren kirki ba. Baker ya faɗa daga baya cewa wasan bai yi kyau ba, Cream ta fi haka nesa ba kusa ba. Wanda ya saurari naɗin Fillmore da na zauren Winterland na watan Maris na wannan shekarar, sannan ya saurari na Albert Hall, zai iya ba shi gaskiya: a na farko mutum uku ne ke kokawa da juna, a na biyu mutum uku ne da suka riga suka ɗaure kayansu suna jiran mota. Sai dai na biyun ne kyamara ta kama, shi ya sa shi duniya ta sani.

Tony Palmer ne ya ɗauki fim ɗin, BBC ta nuna shi ranar 5 ga Janairu 1969. Masu son jita har yau suna jin haushinsa. Kyamara na ta shiga da fita a fuskokin makaɗan, a daidai lokacin da mai kallo ke son ganin yatsun Clapton sai a nuna masa hancin wani, ga kuma mai sharhi yana surutu a kan kiɗan. Gaisuwar da ta fi wannan armashi Hendrix ne ya yi ta, kwana ɗaya kafin nan. Yana cikin shirin talabijin na mawaƙiya Lulu kai tsaye, sai ya katse waƙarsa a tsakiya, ya ce ya sadaukar da abin da zai biyo ga Cream, ya kama Sunshine of Your Love, masu shirin na ta yi masa alamar lokaci ya ƙare. A watan Fabrairu faifan ƙarshe ya fito, sunansa Goodbye, wato sai wata rana, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. A ciki akwai Badge, wadda Clapton ya rubuta da abokinsa George Harrison na Beatles.

Gurbin da suka bari bai daɗe a buɗe ba. Led Zeppelin ta fitar da faifanta na farko a Janairun 1969, Black Sabbath na tasowa a Birmingham, kuma duk sun ɗebi wani abu daga wannan nauyin sauti.

Clapton da Baker suka sake gwadawa a wata ƙungiya, Blind Faith, ba ta kai shekara ba. Daga nan hanya ta rabu, kuma ta Baker ce ta biyo ta wajenmu. Tun farkon shekarun 1960 ya san Fela Ransome-Kuti, lokacin Fela na karatun kiɗa a Landan. A 1971 suka naɗi faifai tare, Baker na zaune kusa da Tony Allen, mai gangar ƙungiyar Fela, Africa 70, mutumin da ya gina karin Afrobeat da hannu biyu da ƙafa biyu. A ƙarshen wannan shekarar Baker ya ɗauki Range Rover, motar da shekara ɗaya ke nan da fitowarta kasuwa, ya ratso hamada daga Aljeriya zuwa Najeriya. Ƙasashen biyu ba su haɗa iyaka ba, Nijar ce a tsakani, kuma a lokacin ba a shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit ba; tafiyar Sahara rairayi ce da alamun taya da rijiyoyi masu nisa. Wanda ya bi shi da kyamara shi ne dai Tony Palmer na daren Albert Hall, fim ɗin kuma ya fito da sunan Ginger Baker in Africa.

A Ikeja Baker ya gina situdiyon ARC, mai na'urar naɗi mai layi 16, aka buɗe shi a 1973. A shekarar ne Paul McCartney ya zo Legas naɗar faifan Band on the Run, kuma ya yi aikin waƙa ɗaya a wurin Baker. Baker ya tara matasan Najeriya a wata ƙungiya mai suna Salt ya zaga da su ƙasashen waje, cikinsu har da tagwayen nan Lijadu Sisters, da Berkley Jones da Laolu Akins, waɗanda da suka dawo suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa BLO: mutum uku, jita, bas, ganga, tsarin Cream sak amma da karin Legas. Kasuwancin situdiyon bai ɗore ba, Baker ya yi asara ya bar ƙasar a tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya tafi da shi, ban da ganga, shi ne son folo, wasan dawakin da gidan sarautar Katsina ya raya tun zamanin Sarki Dikko. A Najeriya ya koya, kuma dawakai suka ci masa dukiya har tsufansa.

Akwai wani daren rabuwa da Baker ya sake halarta, wannan karon ba nasa ba. A bikin jaz na Berlin a 1978 ya hau dandamali ya yi karon ganga da Tony Allen. Bayan wannan tafiya ce mafi yawan makaɗan Fela suka bar shi a kan rikicin kuɗi, suna zargin zai zuba ladan wasan a neman shugabancin ƙasa, Allen ma ya kama gabansa. Amma ƙungiyar Fela irin ta su Shata ce, kai ɗaya gare ta. Ya ɗebi sababbin yara, ya sauya suna zuwa Egypt 80, aka ci gaba. Cream ba ta da wannan gatan. In an cire dutse ɗaya daga murhu, tukunya ba ta zama.

Fiye da shekara 24 mutum ukun suka yi ba su tsaya tare ba, sai a 1993 da aka karrama su a Los Angeles suka yi waƙa uku. Sai kuma 2005. Bruce ya tsallake rijiya da baya, an dasa masa hanta a 2003. Baker na fama da ciwon gaɓoɓi. Clapton ya ga in ba yanzu ba, to babu. Suka koma Royal Albert Hall dare huɗu, 2, 3, 5 da 6 ga Mayu, tikiti ya ƙare cikin ƙasa da awa ɗaya. Dattawa uku, ƙaraminsu ɗan shekara 60, suka yi kiɗa a natse, suna kallon juna, suna murmushi. Da yawa cikin waɗanda suka ga duka biyun sun ce wannan ya fi na 1968.

Da sun tsaya nan da an ce an rabu lafiya. Sai aka zuba musu kuɗi su maimaita a Madison Square Garden, 24 zuwa 26 ga Oktoba. Tun daren farko tsohon ciwo ya tashi. Baker ya ce Bruce ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya kuma murɗa sautin bas har ya toshe masa kunne, laifin nan dai na shekara 37 da suka wuce. Daren 26 ga Oktoba 2005 shi ne na ƙarshe da mutum ukun suka kaɗa tare. Da aka tambayi Bruce daga baya yadda suke da Baker, wanda a lokacin yake zaune a Afirka ta Kudu da dawakansa, sai ya ce lafiya lau suke tunda kowa na nahiyarsa, amma yana tunanin ya roƙe shi ya ƙara matsawa, don har yanzu ya yi kusa.

Bruce ya mutu ranar 25 ga Oktoba 2014, Baker ranar 6 ga Oktoba 2019 yana da shekara 80. A watan Fabrairun 2020 Clapton ya shirya wasan tunawa da Baker a Hammersmith, a Landan, kuma cikin waɗanda suka zauna a bayan ganguna akwai ɗan marigayin, Kofi, mai suna irin na mutanen Ghana. Kafin nan Kofi Baker da Malcolm Bruce, ɗan Jack, sun riga sun zaga ƙasashe tare suna kaɗa waƙoƙin iyayensu, ɗaya a kan ganga, ɗaya a kan bas.